Hatsarin Abincin da Muke Zuba wa Dabbobin Gida

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani al'amari da jama'a da yawa za su ɗauka ƙarami ne, wato irin abincin da muke zuba wa dabbobin da muke zaune da su a gida, kamar kyanwa da karen gadi da na farauta da tantabaru da zomaye, da kuma magungunan ƙwari da na ɓera da muke ajiyewa inda bakinsu zai kai. Abin da ya faru a gidana a ƙarshen daminar da ta wuce ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Na sayo busasshen kifi, aka buɗe ƙunshin za a sa a miya, sai maiɗakina ta ce tana jin warin fiya-fiya a jikinsa, yara ba za su ci ba. Na sansana, na ji gaskiyarta. Maimakon in sa a haƙa rami a binne shi, sai na faɗi abin da kusan kowane magidanci ke faɗa, na ce a ba kyanwa kada a yi asara. Bayan sallar isha'i muka same ta a bayan randa, miyau na dalala daga bakinta har ya jiƙe ƙirjinta, jikinta na ɓari, ƙwayar idonta ta tsuke ta koma kamar tsinin allura, ga numfashi da ƙyar. Muka ɗura mata manja kamar yadda muka saba jin ana yi, ba mu ga wani sauƙi ba, kafin asuba ta mutu. Kyanwar ta shekara shida tare da mu, a jikin ƙafar 'yata take kwana, kuma yarinyar nan ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Da na kai labarin wurin wani likitan dabbobi, sai ya bayyana mini cewa waɗannan su ne alamun gubar da ke cikin fiya-fiya da Sniper, wato sinadarin dichlorvos, kuma akwai allurar atropine da ke karya ƙarfinsa idan an hanzarta kai dabba. Manjan da muka ba ta, in ji shi, lokaci kawai ya ɓata mana.

Tun daga ranar nake tunanin wannan kalma ta "a ba dabbobi". Masarar da ta yi funfuna a buhu, a ba kaji da tantabaru. Tuwon da ya kwana uku ya yi yami, a ba kare. Waken da aka zuba wa magani ya yi yawa, a niƙa a haɗa da dusa. Mun mayar da cikin dabba juji, muna ganin kamar Allah ya halicce ta da hanjin da guba ba ta ci. Alhali kyanwar da ba ta wuce kilo uku ko huɗu ba, abin da zai sa babban mutum ciwon ciki kawai ya isa ya kashe ta. Musulmi kuma ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da ka ajiye a gidanka amana ce, kuma ciyarwar da ake nufi ba ta haɗa da zuba mata abin da kai ka ƙi ci don tsoron ranka ba.

Wannan matsala ba ta tsaya ga talakan da ke ba dabbarsa ragowar abinci ba. Ƙasashen da ke da manyan masana'antun abincin karnuka da kyanwoyi sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma labarinsu yana da darasi a gare mu. A watan Maris na 2007, kamfanin Menu Foods na ƙasar Kanada ya janye gwangwani da fakitin abincin dabbobi kimanin miliyan 60 daga kasuwannin Amurka da Kanada, bayan da karnuka da kyanwoyi suka fara mutuwa da ciwon ƙoda. Bincike ya gano cewa garin alkamar da aka shigo da shi daga China, wanda aka sayar a matsayin mai yawan furotin, an gauraya shi da melamine, sinadarin da ake yin kwanukan roba da shi. Dabarar mai sauƙi ce kuma muguwa: gwajin da aka saba yi don sanin yawan furotin a abinci yana auna sinadarin naitirojin ne, shi kuwa melamine kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne, don haka gari maras daraja sai ya ci gwajin kamar mai inganci. Idan melamine ya haɗu da ɗan'uwansa cyanuric acid a jikin dabba, sai su dunƙule su zama ƙananan duwatsu da ke toshe hanyoyin ƙoda. Masu dabbobi sun kai ƙorafin mutuwar dubban karnuka da kyanwoyi ga hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA. Daga baya ma an gano cewa ragowar wannan abinci ya shiga cikin abincin aladu da kajin da mutane za su ci.

Shekara ɗaya bayan haka, a 2008, sinadarin nan dai ya bayyana a madarar jarirai a China, musamman ta kamfanin Sanlu. Jarirai kimanin 300,000 suka kamu, fiye da 50,000 aka kwantar a asibiti, shida suka rasu. Wannan shi ne ya fi tsaya mini a rai a duk labarin. Mutuwar kyanwoyin 2007 gargaɗi ne da ya zo shekara guda kafin masifar jariran, ha'incin iri ɗaya, sinadarin iri ɗaya, amma ba a toshe ƙofar ba. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ɗan kasuwar da ya saba zuba guba a abincin dabba bai ga hukunci ba, babu abin da zai hana shi kaiwa ga na mutane. Amurka ta gyara dokarta a 2011, inda sabuwar dokar tsaron abinci da Shugaba Obama ya sa wa hannu ta haɗa har da abincin dabbobi, ta kuma ba hukuma ikon tilasta wa kamfani janye kayansa daga kasuwa.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne gubar funfuna, wadda masana ke kira aflatoxin, domin gyaɗa da masara take kamawa, su ne kuwa amfanin gonarmu. Ita ma ta hanyar dabbobi aka gano ta. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu har aka gano cewa tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Brazil ce ke ɗauke da gubar da wani nau'in funfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa. Hanta take ci. Kare yana daga cikin dabbobin da ba sa jure mata: sai ya ƙi abinci, ya yi kasala, ya riƙa amai, dasashinsa da idonsa su yi rawaya irin na shawara. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 an janye abincin karnuka mai suna Sportmix a Amurka saboda wannan guba a masarar da aka yi shi da ita, kuma FDA ta ce mutuwar dabbobi fiye da 130 na iya kasancewa da alaƙa da kayan kamfanin. A Kenya kuwa, a 2004, mutane ne kai tsaye suka ci gurɓatacciyar masara, 125 suka mutu.

Abin da ya kamata uwargida da mai kiwo su sani shi ne, dafuwa ba ta kashe wannan guba. Ko an wanke masarar, an shanya, an niƙa, an tuƙa, gubar tana nan. Ba kuma kullum ake ganinta da ido ba. Idan saniya ta ci, wani ɓangarenta yana fita ta cikin nono, nonon da za a dama fura da shi. Wato abin da muka ture daga kwanonmu muka kai turke, yana iya dawowa ta ƙwarya. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure don rage funfunar mai guba, amma manoma nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa jin sunansa?

Sai batun maganin ƙwari, wanda shi ne ya kashe tawa kyanwar. Dichlorvos magani ne na gona, amma ya zama abin da ake yayyafa wa wake da busasshen kifi don kada su yi ƙwari, ake kuma fesawa a ɗaki a rufe ƙofa saboda sauro, sau da yawa kyanwa na kwance ƙarƙashin gado. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan wannan sinadari da aka samu a cikinsa, wanda ya ninka iyakar da suka yarda da ita sau da dama. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, amma kowa ya san har yau ana samunsa a kan teburin mai sayar da kayan koli, wani lokaci a cikin kwalbar da babu ko rubutu. Waken da Turai ta ƙi karɓa, mu muke ci, ɓarzajjensa kuma tantabaru da kaji. Ga buhunan PICS masu leda biyu a ciki, da ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska ba tare da ko ɗigon magani ba, waɗanda manoman Maraɗi da na Kano sun daɗe da saninsu. Wanda ke da wannan hanya ba shi da hujjar zuba guba a abinci.

Shinkafar ɓera ma tana kashe dabbobin gida fiye da yadda ake zato. Wani lokaci kare ne zai cinye abincin da aka barbaɗa wa maganin, wani lokaci kyanwa ce za ta kama ɓeran da ya riga ya ci yana tangaɗi. Wani nau'in maganin yana hana jini daskarewa, alamunsa ba sa fitowa sai bayan kwana uku zuwa biyar, lokacin da mai gida ya manta ma ya sa magani, sai a ga dabba ta yi laushi, jini na fita ta hanci ko ta bayan gida, a ce sammu ne ko maƙwabci ya sa mata guba. Na san gidaje biyu da suka daina gaisawa a kan irin wannan zargi. Wannan nau'i yana da makari, wato bitamin K1, idan an kai wa likita da wuri tare da takardar maganin.

Akwai kuma cutarwar da ke zuwa ta hanyar tausayi. Mutum zai ga kyanwarsa ba lafiya ya ɓallo farasitamol ya ba ta, bai san cewa ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta ba, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi. Maganin ƙuma da kaska na karnuka mai ɗauke da permethrin, idan aka shafa wa kyanwa, yana sa ta farfaɗiya. Albasa da tafarnuwa, waɗanda ba a raba miyarmu da su, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa idan suka yawaita.

A biranen Kano da Kaduna da Abuja yanzu matasa da yawa suna kiwon kyanwoyi masu tsada, suna saya musu abincin kanti da aka shigo da shi daga waje. Abin da na lura da shi shi ne, saboda tsadar babban buhu, ana farke shi a ƙulla a ƙananan ledoji ana sayarwa, babu suna, babu ranar lalacewa, babu lambar rukunin da aka sarrafa shi. Idan kamfanin ya sanar da janye wannan rukuni a ƙasarsa, mai kyanwa a nan ba shi da hanyar sani. Ga zafin shago da laimar damina da ke sa man da ke cikin abincin ya lalace, funfuna ta kama. Wanda zai saya ya nemi ganin asalin buhun, ya duba kwanan wata, ya adana lambar, ya ajiye abincin a mazubi mai murfi nesa da magungunan feshi.

Ina kira ga NAFDAC, wadda ke da sashen kula da magunguna da kayan dabbobi, da ta riƙa fitar da sanarwar janye kaya da harshen Hausa a gidajen rediyo, ta kuma bi dokarta ta 2019 har cikin kasuwa. Sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024, tare da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, su samar da hanyar da likitocin dabbobi za su riƙa kai rahoton duk dabbar da ta mutu da alamun guba, a rubuta abin da ta ci da inda aka sayo shi. Da akwai irin wannan tsari, da mutuwar kyanwata ta sa an je an binciki kifin nan tun washegari. Na koma wurin mai kifin bayan kwana biyu don in gaya masa abin da ya faru, na tarar kwandon da na saya a ciki ya ƙare, mutane sun saye sun kai gidajensu.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya