Rada na ganin babur, ba ta sanin wanda ke kansa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku kan wata magana da ake yawan yi a Katsina, cewa da zarar jirgi mai rada (na'urar gano abubuwa daga nesa) ya tashi, ya gama tantance ɓarayin daji. Ba haka na'urar ke aiki ba.

Rada tana harba igiyar rediyo ta jira dawowarta. Daga tsawon lokacin da igiyar ta ɗauka kafin ta dawo ake lissafa nisa, daga sauyin da motsi ya jawo mata ake gane gudu. Da yake igiyar rediyo ba ta buƙatar haske, tana aiki cikin duhu da hazon hunturu. Amma abin da ke fitowa a allo ɗigo ne kawai. Idan faɗin igiyar da take harbawa digiri ɗaya ne, a nisan kilomita 10 ya bazu kusan mita 175, don haka babura biyar da suka jeru kafaɗa da kafaɗa za su iya fitowa tamkar abu guda. Jirgin fasinja yana da na'urar amsa kira: a tambaye shi ta rediyo, ya amsa da lambarsa da tsayin da yake kai a sama. Babur ba ya amsawa. Ayarin 'yan kasuwar da suka taso daga Jibiya da ayarin da ya ɓullo daga dajin Rugu kamarsu ɗaya a allo.

Dalilin haɗa bayanan na'urori ke nan. Rada ta nuna wuri, a juya kyamarar rana da kyamarar zafi (mai ganin ɗumin abubuwa ko da dare) can, kwamfuta ta ɗora bayanan uku a taswira guda. Nan ne kuskure ke shiga. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa. Idan agogon rada da na kyamara suka saɓa da daƙiƙa uku, an samu tazarar mita 50, sai kwamfuta ta liƙa hoton wani a kan ɗigon wani. A mararraba, inda ayari biyu suka gifta juna, musayar ta fi saurin faruwa.

Kyamarar zafi ma tana da lokacin rauninta. Da sanyin safiya da wajen magariba, zafin ƙasa da na abubuwan da ke kanta kan zo ɗaya, hoto ya dusashe. Daga nesa kuma sandar makiyayi da aka rataya a kafaɗa ba ta da saurin bambanta da bindiga.

Mun ga abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna ranar 3 ga Disamba, 2023, lokacin da jirgi marar matuƙi ya kai hari kan masu Maulidi, aka rasa aƙalla mutum 85. An ga taro, ba a san taron mene ne ba. Allah Ya jiƙansu.

Roƙona ga masu ba da umarni: kafin a harba, a bi sawun ayarin har a ga inda ya taso, a daidaita agogon kowace na'ura da na GPS, sannan a nemi shaida daga ƙasa wadda ba ta dogara da na'urorin ba. Masu garuruwan Batsari, Safana da Ɗanmusa sun san ranar kasuwa, ranar biki da ranar jana'iza. A buɗe musu amintacciyar hanyar sanar da taro tun kafin ranar, kuma a sakaya sunan mai kiran.

Wassalam.
Wani mai aikin na'urorin sadarwa, Katsina.