'Ya'yan kunama ba sa cin uwarsu

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili. Tun muna yara ake ce mana wai 'ya'yan kunama cinye uwarsu suke yi, to ni dai na gani da idona ba haka ba ne. Ƙanena ya kamo wata kunama a ƙarƙashin bulo nan Tudun Wada, ya sa ta a roba da yashi da ɗan guntun fasasshiyar tukunya ta riƙa ɓuya, kwatsam sai ta haihu, ita ai ba ƙwai take yi ba, haihuwa take. Ƙananan farare fat suka ɗare bayanta, ba ci ba sha, har sai da suka yi saɓa sannan suka sauko.

Daga nan aiki ya fara. Kowace da gwangwaninta, don in ka bar su tare babba ya cinye ƙarami, uwar ma in yunwa ta kama ta sai ta cinye su. Gara muke ba su da ƙananan gyare, ruwa kuwa auduga ake jiƙawa, tunda danshi mai yawa illa yake musu.

Hajiyarmu dai ta ce kafin Juma'a a fitar mata da su daga gida.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya