A Fara Da Bututu Kafin Kwalta A Sharaɗa, Bompai Da Chalawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu yi magana kan titunan unguwannin masana'antu na Kano. Duk sanda aka tashi gyara, kwalta ake fara zubawa, domin ita ido ke gani. Alhali ruwa ne ke cin titi, kuma sau da yawa daga ƙarƙashi yake farawa.

Tsofaffin bututan asbesto da na ƙarfe suna yoyo a mahaɗa. Ruwan ya jiƙa jar ƙasar da aka daddaɓe, ta yi laushi, tirela ta bi ta kai, kwalta ta tsattsage, damina ta zo ta ƙarasa. Faci a irin wannan wuri zubar da kuɗi ne kawai.

Saboda haka a fara gano wuraren yoyo, a maye gurbin bututan da na roba mai kauri, wato HDPE, a kwantar da su a gefen titi, zurfin aƙalla mita 1, bisa shimfiɗar yashi ta santimita 15. Inda dole bututu ya tsallaka titi, a zura shi cikin wani babba na kariya, a kuma bar wasu bututan fanko saboda masana'antun da za su zo gobe, kada a sake fasa kwalta. Kafin a rufe rami a gwada bututun da matsin da ya kai sau 1.5 na matsin aikinsa. Cikon ramin kuma kaɗan-kaɗan ake yi, santimita 15 zuwa 20, ana daddaɓewa. Wanda ya juye ƙasa gaba ɗaya, bayan damina guda wurin zai lotsa.

Akwai abin da ya fi rami haɗari. Idan wuta ta ɗauke injinan turo ruwa daga matatar ruwa ta Tamburawa ko ta Chalawa suka tsaya, bututu kan zama fanko, ya riƙa zuƙo ruwan kwata ta wuraren da ya tsage. A Sharaɗa da Chalawa kuwa, kwatar na iya ɗauke da dattin majemu mai sinadarin kuromiyam. Dole a sa bawul na iska, wato na'urar da ke shigar da iska cikin bututu ta kuma fitar da ita, a kan tudu, a nisanta bututun ruwan sha da magudanar masana'antu, ya kuma kasance sama da ita.

Sai a zo kan titin: magudana da kwalbati tukuna, tsakiya ta ɗaga da gangaren kashi 2.5 cikin 100, dakakken dutse santimita 20, kwalta hawa biyu, santimita 6 da 4.

Lodi kuma fa? Ƙa'idar ECOWAS tan 11.5 ce a kan gatari guda, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama. In aka ninka nauyin gatari, ɓarnar da yake wa titi takan kai kusan sau 16. A kafa sikeli a bakin kowace unguwar masana'antu, a auna mota kafin ta hau titi.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin hanya da ruwa, Kano.