Kada a auna ƴaƴanmu da ma'aunin da ba nasu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan yaran da ake aikawa wurin masana halayyar ɗan Adam a nan Yamai domin a gwada basirarsu idan karatu ya gagare su. Ba na adawa da gwajin. Abin da ke damuna shi ne ma'aunin da ake ɗauka, da kuma hannun da takardar sakamako take faɗawa.

Gwajin da ya fi shahara, wato WISC, David Wechsler ne ya fitar da shi a Amurka a 1949. Makin da yaro ya samu a cikinsa ba ya nufin komai shi kaɗai, sai an kwatanta shi da na sa'anninsa waɗanda aka gwada lokacin da ake tsara ma'aunin. An ɗauki 100 a matsayin matsakaici, wanda kuma ya faɗi ƙasa da 70 ana fara zargin yana da tawayar basira. To, bugun Faransanci na wannan gwaji a kan yaran Faransa aka daidaita shi. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci a bakinsa, wanda bai haɗu da Faransanci ba sai da ya shiga ajin CI, wato ajin farko na firamare, idan aka tambaye shi ma'anar kalmomi da kamannin abubuwa a harshen da yake lalube a cikinsa, abin da aka auna shi ne Faransancinsa. Ko sassan da babu magana a cikinsu, irin su jera tubala da bin zane, sun fi sauƙi ga wanda ya saba da littattafan hoto tun yana rarrafe.

Alfred Binet, wanda shi da Théodore Simon suka fara wannan aiki a Paris a 1905, manufarsa ita ce gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a aji, kuma bai yarda cewa basira abu ce da ba ta ƙaruwa ba. A 1979 kuwa wata kotu a Kalifoniya ta hana amfani da gwajin basira wajen tura yara baƙar fata azuzuwan masu tawaya, domin ta ga ma'aunin ya karkata.

Kafin a kai ga wannan gwaji ma, akwai abin da ya kamata likita ya fara dubawa. Ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau, cutar da ke barin wasu yara da raunin ji. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙarancin jini, tamowa, da wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro sai dai ya yi zuru na ƴan daƙiƙoƙi, duk suna iya sa malami ya ce ɗalibi ba ya ganewa. Yaron da ba ya jin abin da ake faɗa daga bencin baya, gwajin kunne yake buƙata. Ƙa'idar aikin ma ba ta yarda a yanke hukunci da maki kaɗai ba, sai an duba yadda yaron yake tafiyar da rayuwarsa: ko ana aikensa kasuwa ya dawo da canji daidai, ko yana riƙe haddarsa a makarantar allo.

Sai batun sirri, wanda a ganina ya fi komai nauyi. Ba a gwada yaro sai da yardar iyayensa bayan an yi musu bayani a harshen da suke ji. Shi ma yaron a saurare shi, kamar yadda Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ta tanada, wadda Nijar ta amince da ita a 1990. Sakamakon kuma amana ne. Bai halatta ya zama abin hira a ofishin malamai ba, ko hujjar korar ɗalibi domin makaranta ta kare sunanta a jarrabawa.

Ina kira ga ma'aikatun ilimi da na lafiya, tare da malaman Jami'ar Abdou Moumouni, su haɗa kai su daidaita ma'auni a kan yaran Nijar, cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Kafin a kammala wannan aiki, a wajabta wa duk mai gwaji ya rubuta a takardarsa harshen da ya yi amfani da shi, da yaran ƙasar da ya kwatanta namu da su.

Naka,
Wani malamin firamare,
Yamai