In gidan gado ya watse, wa zai biya wa marar aiki kuɗin haya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da na lura babu wanda yake ɗaukarsa a matsayin matsala, alhali kusan kullum sai ya same ni har bakin shago. Ni dillalin gidajen haya ne a nan Kano, irin mu ɗin nan da ake ce wa ejan, na kuma san mutane ba sa ganinmu da gashi, an ɗauka la'ada kawai muka sani. To ba komai, amma dai mu ne muke ganin fuskar mai neman ɗaki lokacin da aka faɗa masa kuɗi.

Maganar ita ce ta matashin da ba shi da aiki, ko aikin ya kuɓuce masa, kuma dole ta sa sai ya bar gidan iyayensa. Ina zai samu kuɗin haya? Wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Na san abin da wasu za su fara cewa, wa ya aike shi ya fita, ya zauna a gidan ubansa mana har Allah ya hore. Wallahi da haka abin yake da sauƙi. Yawancin waɗanda suke zuwa wajena ba fitsara ce ta fito da su ba, ba kuma son shaƙatawa ba ne. Mahaifi ne ya rasu ya bar gida ɗaya a cikin gari, mata uku, 'ya'ya sun kai goma sha, aka zauna aka ga gidan ba zai rabu ba sai dai a sa shi a kasuwa, aka sayar, kowa ya karɓi rabonsa, rabon da ko fili a bayan gari ba zai saya ba balle a ɗora bulo, wanda ya saya kuma ya ba da wata uku a kwashe kaya domin rushewa zai yi ya gina shaguna. Wani kuma shagon ƙofar gida da samarin gidan suke kwana ne aka ga ya fi amfani a ba mai POS haya a dinga samun na cefane. Wani yayarsa ce aurenta ya mutu ta dawo da yara huɗu, kuma ɗakinsa ne kaɗai za a iya ba ta, namiji ne shi ai, sai ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa. Akwai wanda zama da kishiyar uwa ne ya gagara bayan rasuwar tasa uwar. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa yake zubar masa.

To ya fito. Bari in faɗa wa masu karatu abin da zai tarar, tunda wannan aikina ne. A nan ba a san hayar wata-wata ba sai ɗaiɗaiku, shekara guda ake biya a dunƙule, wani mai gidan ma in sabon gini ne shekara biyu zai ce. A kan wannan akwai la'adarmu kashi 10 cikin ɗari, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya na ko da ka ɓata wani abu wanda da wuya ka ga ya dawo hannun ɗan haya, sannan wasu abokan sana'armu har kuɗin zuwa duba gida suke karɓa tun kafin ka ga ƙofar. Mu ƙaddara ciki ɗaya ne a gidan yawa aka ce dubu 200, kafin ka karɓi mukulli ka doshi dubu 250, ba ka sayi katifa ba, ba ka sa labule ba, ba a zo maganar kuɗin wuta da na mai kwashe shara ba. Ma'aikacin da yake karɓar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 sai ya haɗa albashin wata uku da rabi bai taɓa ko sisi ba. Wannan mai aiki kenan fa.

Kuma ko ka zo da kuɗinka a hannu akwai tambayoyi uku da sai mai gida ya yi: kana da aure? Aikin me kake yi? Wa zai tsaya maka? In ka ce ba ka da aure rabin gidajen sun rufe, "ni ba na ba gwauro haya, akwai matan aure a gidan". In ka ce aiki kake nema sauran rabin ma sun rufe. Mace kuwa da ba ta da miji, bazawara ce ko budurwa, wannan sai dai ta zo da yayanta ko kawunta a rubuta da sunansa, in ba haka ba kallon da za a yi mata kaɗai ya ishe ta. Na taɓa raka wani yaro mai digiri wajen wani dattijo mai gida, ya sa shaddarsa guda ɗaya ya sha guga, takardar shaidar mai unguwa a cikin leda, kuɗin rabon gadonsa a aljihu, ya durƙusa ya gaida shi, dattijon ya saurare shi tsaf sannan ya ce, "Yaro na ji, bana ka biya, baɗi fa?" Yaron bai da amsa. Ni ma ban da ita.

Kuma gaskiya ba zan ga laifin dattijon ba. Masu gidajen haya da yawa da nake hulɗa da su ba attajirai ba ne, tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a ɗakuna huɗu, ko gwauruwar da mijinta ya bar mata gida ɗaya da marayu, hayar nan ita ce kuɗin makaranta ita ce kuɗin asibiti. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, siminti, kwano, ladan magini, su ma suka ɗora a kan haya. Shi ya sa in na ji ana zagin masu gida kawai nake cewa ba a kama bakin zaren ba.

Yanzu ina taimakon yake? Ɗalibi a jami'a yana iya neman bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, har da dubu 20 a wata na kashewa. Ɗan bautar ƙasa yana karɓar alawus dubu 77. Ranar da ya karɓi takardar gama hidima shi kenan an yanke, daidai lokacin da ya fi buƙata. N-Power, shirin gwamnati na ɗaukar matasa aikin wucin gadi, dubu 30 ce a wata lokacin da ake yinta. Tallafin dubu 25 na wata uku da aka sanar a 2023 na magidanta ne kuma ko an samu na abinci ne. Tsarin gidaje na bankin lamunin gidaje na tarayya, wanda ake cirar wa ma'aikata kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, na mai albashi ne da yake son mallakar gida. Wanda ba ya aiki kuma haya yake nema ba ya cikin lissafin.

Abu ɗaya da na sani wanda mutane da yawa ba su sani ba, kuma don Allah a yaɗa shi: in ka yi aiki a kamfani ana cirar maka fansho, aka sallame ka, ka yi wata huɗu ba ka samu wani aikin ba, dokar fansho ta 2014 ta ba ka damar cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunka ko da ba ka kai shekara 50 ba. Ka je ofishin kamfanin fanshonka da takardar sallama. Masu aikin kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa da aka rage su duba wannan, ya fitar da wasu kunya a gabana. Amma fa wanda bai taɓa samun aikin ba, ba shi da asusun da zai cira.

A wasu ƙasashen akwai tsari. A Ingila marar aiki yana neman tallafin da suke kira Universal Credit, a ciki akwai kason haya, kuma ba wai gida sukutum ake kama masa ba, wanda bai kai shekara 35 ba kuma shi kaɗai ne galibi kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka ake lissafa masa. Na san za a ce ina mu ina Ingila. To ga Gana nan kusa, a farkon 2023 suka ƙaddamar da tsarin da gwamnati take biya wa mutum kuɗin hayar da mai gida ya nema a dunƙule, shi kuma ya dinga biya wata-wata, 'yan uwanmu na zango a Akara da Kumasi sun san da shi, sai dai shi ma sai ka nuna kana da hanyar samun kuɗi. A nan gida Legas ta yi doka tun 2011 ta hana karɓar hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, a 2022 kuma Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudiri majalisa kan a koma biyan wata-wata a Abuja. Duk da kyau, amma wata-wata ɗin ma ai sai mai abin biya.

Ni a ganina ba sai mun jira Abuja ba, muna da abin da ya fi kusa da mu, zakka da waƙafi. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, akwai faƙiri, akwai miskini, akwai wanda bashi ya yi wa katutu. Ni ba malami ba ne, malamai su gyara mini, amma wanda aka ba notis saboda bashin haya, ko wanda yake kwana a barandar masallaci da jakarsa a matsayin matashin kai, in bai shiga cikin waɗannan ba wa zai shiga? Mun saba zakka ita ce buhun shinkafa da atamfa da keken ɗinki a watan azumi, ana ɗaukar hoto. Duk alheri ne. Amma keken ɗinkin a ina za ta ajiye shi in ba ta da ɗaki? Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato tana da ta zakka da waƙafi, me zai hana a ware wani kaso a ce wannan na haya ne, kuma kada a ba yaron kuɗin a hannu, a biya mai gida kai tsaye, wata shida ko shekara ɗaya, mai unguwa da limamin unguwa su shaida cewa da gaske ne halin da yake ciki. Ko ma ba a biya ba, hukuma ta tsaya masa kawai, ta rubuta cewa in ya gaza ita za ta cike wata uku, wallahi wannan takardar kaɗai za ta buɗe ƙofofin da ni da bakina ban iya buɗewa ba, don amsar "baɗi fa?" kenan.

Attajiranmu kuma masu gina masallaci a layin da yake da masallatai uku, Allah ya saka da alheri, amma a gwada gina ɗakuna goma a yi waƙafinsu, matashi ya zauna shekara biyu da ɗan kuɗi kaɗan, in ya tsaya da ƙafarsa ya fita wani ya shiga.

Ga samarin kuma, ni dai shawarar da nake ba duk wanda ya zauna a bencina: in ba korarka aka yi ba kada ka fita da fushi, ka daure har ka haɗa kuɗin shekara da ɗan abin da za ka ci. In kuɗin gado ne a hannunka kada ka kama ciki da falo don a ce ka kama, ku haɗu ku biyu ko uku ku kama ɗaki ɗaya, ragowar ka sa a sana'a ko ka shiga adashe saboda hayar baɗi. Ka karɓi rasit. Ka karanta yarjejeniyar kafin ka sa hannu ko ka ba wani ya karanta maka, musamman wajen notis, domin a dokar Abuja da Legas mai hayar shekara wata shida ake ba shi in ba a rubuta wani abu daban ba, masu gida kuma sun gane haka sai su sa a rubuta wata ɗaya, kai kuma ka dangwala hannu kana murna ka samu ɗaki. In kuma ka ga ba za ka iya biya ba, ka je ka sami mai gidan tun saura wata biyu, ka tafi da babba, kada ka dinga shigowa sai ya yi barci.

Edita, don Allah ku tura wakilinku ya tambayi hukumomin zakka na jihohinmu ko akwai kason haya a tsarinsu, in akwai a buga yadda ake nema da takardun da ake zuwa da su, ni da kaina zan manna shafin a ƙofar shagona.

Na gode.

Naku,
Wani dillalin gidajen haya,
Rijiyar Lemo, Kano.