Kafin a Ɗauki Kwikwiyon Labrador, a Nemi Ganin Uwarsa

Ya Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida. Na karanta rubutun da kuka buga kwanakin baya game da karnukan Labrador, wanda ya yabi kyan halinsu da saurin koyonsu, kuma ban ga abin musu a cikin yabon ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarar da aka ba mai saye a ƙarshen rubutun, cewa ya tsuguna a gaban 'yan kwikwiyon ya ɗauki wanda ya fara rugowa wurinsa. Ni na taɓa bin wannan shawara, na kuma ɗanɗana kuɗata shekara da shekaru, shi ya sa nake roƙon ka ba ni fili in faɗi abin da na koya, musamman domin mutumin da yake son kare ɗaya tak wanda zai fita da shi farauta, ya kuma dawo da shi cikin iyalinsa.

Ya kamata mai saye ya fara sanin aikin da aka gina wannan kare a kansa. Kakanninsa karnukan masunta ne a tsibirin Newfoundland da ke gabashin Kanada, inda suke taya jan igiyar taru da ɗauko kifin da ya suɓuce a cikin ruwa mai tsananin sanyi. A farkon ƙarni na 19 jiragen ruwa suka kai su Birtaniya, gidajen sarautar Malmesbury da Buccleuch suka riƙa kiwonsu domin ɗauko tsuntsun da aka harba, har ƙungiyar Kennel Club, mai rajistar jinsunan karnuka a Birtaniya, ta amince da su a matsayin jinsi mai zaman kansa a 1903, takwararta ta Amurka ta biyo baya a 1917. Saboda haka aikin Labrador a daji shi ne ya zauna shiru a gefen maharbi, ya sa ido ya ga inda agwagwa ko makwarwa ta faɗi, ya jira a ba shi izini, sannan ya je ya ɗauko ta, ko a ruwa ko a cikin ciyawa, ya miƙa ta a hannu ba tare da haƙorinsa ya huda ta ba. Wanda yake neman karen da zai bi dabba a guje ya kayar da ita, ko karen gadi mai tsorata baƙo, to ya nemi wani jinsin, domin yawancin Labrador da kaɗa jela suke tarbar kowa.

A cikin jinsin nan guda akwai zuriya iri biyu da suka daɗe da rabuwa, kuma daga nan ne zaɓi yake farawa. Akwai waɗanda ake kiwo domin baje koli da gasar kyau, masu faffaɗan kai da kaurin jiki da gajerun ƙafafu, waɗanda galibi sun fi sanyin hali. Akwai kuma zuriyar aiki, sirara masu dogayen ƙafafu da zafin nama, waɗanda idan sun ga an jefa abu jikinsu har rawa yake yi. A kasuwa za ka ji ana kiran na farko na Ingila, na biyu na Amurka, amma wannan laƙabi ne kawai, domin ana samun kowane iri a ƙasashen biyu. Kuskuren da maharba da yawa suke yi shi ne neman ɗan zakaran gasar daji, suna ganin wanda ya fi wuta shi ya fi kyau. Sai dai wanda zai fita farauta kwanaki ƙalilan a shekara ya tuna cewa sauran kwanakin duka karen a gida zai yi su, tsakanin yara da takalma da kwanon abinci, kuma karen da aka haifa domin ya wuni yana gudu, idan bai sami aiki ba, zai ƙirƙiro wa kansa aiki a kan kujerun gidan. A ganina abin da ya dace da irin wannan mutum shi ne zuriyar aiki mai matsakaicin zafi, wadda iyayenta suke farauta da gaske amma suna iya kwanciya idan an dawo.

Karena na farko baƙi ne, na ɗauke shi daga hannun wani mai kiwo da ba zan kama sunansa ba. Su bakwai ne a cikin keji, shi ya taka 'yan'uwansa ya zo ya cafke igiyar takalmina yana ja yana gurnani, nan take na ce wannan ne nawa. Da na tambayi uwarsu, sai mai kiwon ya ce ba ta nan, an kai ta wani wuri. Da na tambayi takardun lafiya, sai ya yi dariya ya ce ai ga su nan ina ganinsu ƙalau. Na yarda, domin kyan kwikwiyon ya riga ya rufe mini ido. Yana da wata goma sha huɗu muna horo a bakin ruwa, ya ɗauko abin da na jefa sau biyar ko shida a jere, sai na ga ƙafafunsa na baya sun fara tangaɗi, suka saki gaba ɗaya, amma shi bai fasa ba, yana jan gindi da ƙafafun gaba yana son ya kai mini abin da ke bakinsa. Na kwantar da shi a inuwa na zuba masa ruwa, bayan kamar minti ashirin ya miƙe tamkar ba abin da ya faru. Likitan dabbobi ya ɗauki samfur ya aika gwaji, sakamako ya nuna cutar gado ce mai sa kare ya zube idan ya yi aiki mai tsanani cikin zumuɗi. Masu bincike a Jami'ar Minnesota sun gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta tun 2008, wato gwajin da zai tsare ni daga wannan yana nan lokacin da na saya, ni ne ban nema ba. Karen ya rayu da mu cikin ƙauna, amma farautarsa ta ƙare tun ba a fara ba.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a wajen kare maganar ta shafi ciwo kamar yadda ta shafi bajinta. Babban abin da ake tsoro a Labrador shi ne rashin zaman gaɓar kwatangwalo daidai a gurbinta, da makamancinsa a gwiwar ƙafar gaba, waɗanda ba a ganinsu a jikin kwikwiyo sai ya girma ya fara ɗingishi. Hanyar kariya ita ce a ɗauki hoton ƙashin uwa da uba kafin a haɗa su. A Birtaniya ana ɗaukar hoton bayan kare ya cika shekara ɗaya, a ba kwatangwalo biyun maki tsakanin 0 da 106, kuma ƙarancin makin shi ne alheri, gwiwa kuwa daga 0 zuwa 3, inda 0 kaɗai ake so. A Amurka hukumar OFA mai duba irin waɗannan hotunan ƙashi, wadda aka kafa a 1966, ba ta ba da cikakkiyar takardar shaida sai kare ya kai shekara biyu. Wannan gwaji ba ya ba da tabbaci ɗari bisa ɗari, domin ƙiba da saurin girma ma suna da hannu, amma yana rage haɗarin ƙwarai.

Sai kuma cututtukan da gwajin ƙwayoyin gado yake tonawa, wato wadda ta kama karena, da wata mai cinye ganin ido sannu a hankali har kare ya makance, da wata mai raunana tsoka tun yana ƙarami. Dukkansu ukun ba sa bayyana sai kwikwiyo ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka biyu. Idan an haɗa masu ɗauke da ita biyu, kowane ɗa yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na kamuwa, idan kuwa ɗaya daga cikin iyayen ba ya ɗauke da ita, to babu ɗan da zai kamu. Saboda haka ba dole ne a guji karya don tana ɗauke da ƙwayar ba, muddin uban ba ya ɗauke da ita. Abin nema shi ne a ga takardar da ido, a duba cewa sunan kare da lambarsa sun yi daidai da na iyayen da aka nuna. Mai kiwo na ƙwarai kafin ka tambaya ya ɗauko ta, kuma za ka ga shi ma yana yi maka tambayoyi, ina karen zai kwana, wa zai fita da shi, yaran gidan shekarunsu nawa.

Da na tashi neman kare na biyu, sau uku na je wurin mai kiwon kafin in ɗauki komai, kuma a zuwa biyun farko uwar na je kallo. Na roƙa aka fita da ita fili aka jefa mata abu cikin ruwa, ta zauna tana kallo ba ta motsa ba sai da aka kira sunanta, ta faɗa ruwan ta ɗauko ta miƙa a hannu. Da muka koma ciki muna magana, sai ta shige ƙarƙashin tebur ta ɗora haɓa a kan ƙafar wani ƙaramin yaro ta yi barci. Wannan barcin ne ya sa na yanke shawara, fiye da ninƙayar. Uban ba a gidan yake ba, kamar yadda aka saba, amma an nuna mini takardunsa da bidiyon aikinsa, aka kuma haɗa ni da wanda ya ɗauki ɗa daga haihuwar da ta gabata. Sayen kwikwiyo ba tare da ganin uwarsa ba cinikin biri a sama ne.

Ranar ɗauka kuwa ba ta da wuya idan an riga an zaɓi iyaye. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa da 'yan'uwansa kafin ya cika mako takwas, domin a cikin wasansu ne yake koyon iyakar cizo, abin da mai ƙananan yara zai gode wa daga baya. A duba idanu su kasance garau, kunne ba wari, ciki ba kumburi, sannan a karɓi katin rigakafi da na maganin tsutsar ciki. A ware kowane ɗaya a wuri mai shiru, a mirgina masa ƙullin tsumma ko fiffiken tsuntsu, a ga ko zai bi, ya ɗauka, ya juyo da shi wajen mutum ko ya gudu da shi lungu. A tafa hannu daga nesa a ga ko zai razana ya dawo da sauri, ko zai maƙale a bango. Na koyi barin wanda ya fi kowa rawar kai da wanda ya fi kowa tsoro, in ɗauki na tsakiya. Duk da haka gwajin minti goma ba ya faɗin abin da kare zai zama, domin wanda ka gani lagwas yana iya yiwuwa yanzu ya gama cin abinci, shi ya sa maganar mai kiwon da ya yi wata biyu yana kallonsu ta fi idon baƙo.

Launi shi ne abin da masu saye suka fi tambaya, shi ne kuma mafi ƙarancin muhimmanci. Launukan da aka amince da su uku ne, baƙi da rawaya da ruwan cakuleti, kuma babu wanda ya fi wani hanci ko biyayya saboda launinsa. Abu ɗaya da ya cancanci a sani shi ne wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan karnukan Birtaniya, wanda ya nuna masu ruwan cakuleti suna rayuwa kimanin shekara 10.7, sauran kuwa 12.1, kuma sun fi yawan ciwon kunne da na fata. Ni dai duk mai kiwon da ya fara tallarsa da launi mai wuyar samu, nakan yi masa sallama.

Akwai abin da iyalin gida duka za su yarda da shi tun kafin kwikwiyon ya shigo, wato abinci. Labrador ba ya ƙoshi, kuma ba rashin tarbiyya ba ne kaɗai, domin a 2016 masu bincike a Jami'ar Cambridge sun gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinsin suna da tawaya a wata ƙwayar gado da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ciki ya cika. Wani dogon bincike a kan Labrador 48 da aka wallafa a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na abinci sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu. Namiji baligi yakan kai kilo 29 zuwa 36, mace 25 zuwa 32, kuma ya kamata hannu ya ji haƙarƙarinsa ba tare da an danna ba. A gidana yara ne suka fi ba ni wahala a kan wannan, ba karen ba, domin kowa yana miƙa masa loma a ɓoye.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba da gaggawa ba. A makonnin farko, har zuwa kusan wata uku, kwikwiyo ya saba da mutane iri-iri da mota da ƙarar gida, ya koyi zama da zuwa idan an kira, a hana yara yin wasan ja-in-ja da shi da abin da ake jefa masa wajen horo, domin hakan yana koya masa riƙe tsuntsu da ƙarfi. Ruwa ya shiga da kansa a wuri marar zurfi, kada a jefa shi. Ƙarar bindiga kuwa daga nesa ake fara ta, lokacin da hankalinsa yake kan abin da aka jefa, a riƙa matsowa a hankali cikin makonni, domin karen da aka firgita da harbi a kusa sau ɗaya yana da wuya ya dawo daidai. Wanda yake zaune a ƙasa mai zafi ya tuna gashin Labrador mai hawa biyu ne, domin ruwan sanyi aka yi shi, ya mayar da horo sassafe ko bayan rana ta yi sanyi.

Karyata ta biyu yanzu tana da shekara shida, ta yi kakar farauta biyar ba ta taɓa ɗingishi ba, kuma a lokacin da nake rubuta wannan wasiƙa tana kwance a ƙarƙashin teburina kamar yadda na ga uwarta. Ina roƙon idan za ku sake taɓo wannan batu ku nemi likitan dabbobi ya yi wa masu karatu bayanin yadda ake karanta takardun gwajin nan, domin ni kaina sai da aka zaunar da ni aka bi da ni layi-layi kafin na gane su.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum