A dawo wa i'itikafi da shirunsa

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana Musulmi, musamman limamai da kwamitocin masallatan Juma'a, tun watan azumi bai kama ba.

Shekara da shekaru ina cikin masu kai wa masu i'itikafi abincin buɗa-baki da na sahur a masallacin unguwarmu, kuma abin da idona ke gani a 'yan shekarun nan yana ci mini rai. Mutum ya bar gidansa da kasuwarsa da sunan zai keɓe da Ubangijinsa kwana goma, amma ya shigo da waya biyu da abin caji. Ana rububin wurin da fanka take. Akwai kusurwar manya mai katifu, akwai ta yaku-bayi kusa da takalma. Kafin a ga watan Sallah hotonsa riƙe da Alƙur'ani ya zaga Facebook da WhatsApp. Ban ce niyyar kowa ta ɓaci ba, Allah kaɗai ya san zukata. Amma ibadar da aka tanada domin a karya girman kai, ina tsoron ta koma abin da ke ƙara masa ƙiba.

Wannan tsoro ba ni na fara shi ba. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa wata shekara an kafa wa Annabi (SAW) tantinsa na i'itikafi, sai ita ma ta kafa nata, Nana Hafsa ta kafa, Nana Zainab ta bi sahu. Da ya ga tantuna sun jeru sai ya tambaya ko alheri ake nufi da wannan, ya fasa i'itikafin wannan Ramadan ɗin, ya yi shi a kwana goma na Shawwal. Iyayen muminai ke nan fa. To ina ga mu? Abu Dawud kuma ya kawo cewa yana cikin i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya ce kowannensu ganawa yake da Ubangijinsa, kada wani ya cutar da wani. Yau lasifika huɗu ke kan hasumiya har asuba, na ciki bai samu natsuwa ba, maras lafiyan da ke maƙwabtaka bai runtsa ba.

Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san yadda malaman Malikiyya suka tsananta a nan: babu i'itikafi sai da azumi, mai i'itikafi ba ya fita kasuwanci, ba ya zuwa gaida maras lafiya, ba ya bin jana'iza. Idan an hana shi waɗannan ayyukan lada domin kada hankalinsa ya rabu, wane gurbi hirar waya take da shi?

Abin da matasanmu ba su samu wanda ya gaya musu ba shi ne abin da ke faruwa idan mutum ya zauna shiru da gaske. Ka idar da asuba, ka fuskanci alƙibla, ka yi istigfari da salatin Annabi da hailala, sa'an nan ka tsaya kana kallon abin da ke kai-komo a zuciyarka. Ba haske ke fara zuwa ba. Wanda ka bi bashi ne zai fara zuwa, sai wanda ya wuce ka bai gaishe ka ba, sai amsar da ya kamata ka mayar wa wane a wurin ɗaurin aure, sai lissafin yadda jama'a za su yaba maka in ka fito. Nan ne mutum ke ganin wannan rai mai yawan umarni da mummuna da aka ambata a Suratu Yusuf, ido da ido. Da yawa daga nan suke gudu su ɗauki waya, don ganin ba daɗi. Wanda ya daure, sai zuciyar ta fara kwantawa kamar ruwan rafi da aka zuba a randa aka ƙyale shi, laka ta koma ƙasa. Daga nan kuka ke zuwa ba tare da an ƙaƙaro shi ba, mutum ya ji nauyin haƙƙin matarsa da na yaron shagonsa ya sauko masa.

Imamu Gazali yana koyar da ɗalibai kusan 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, sarakuna na girmama shi, sai ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ne ke tuƙa shi. Harshensa ya ɗaure har ya kasa ba da darasi. A 1095 ya ajiye kujerar ya tafi Dimashƙa, yana hawa hasumiyar babban masallacinta ya rufe ƙofa ya wuni shi kaɗai. Kusan shekara goma ya yi a wannan hali. A nan gida ma, bayan an ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai rungumi mulki ba. Ya koma Sifawa yana karantarwa da rubutu, ya bar tafiyar da ƙasa a hannun ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello.

Malamin da na yi karatu a gabansa, Allah ya jiƙansa, idan attajiri ko mai sarauta ya zo neman wuridi, ba ya saurin ba shi. Sai ya sa shi jera takalman almajirai a ƙofar zaure, ko ɗebo ruwan alwala. Wasu sun yi fushi ba su dawo ba. Waɗanda suka tsaya, har yau ana gane su a gari, domin ba sa katse maganar talaka. Hadisin Muslim ya ce wanda ke da ƙwayar zarra ta girman kai a zuciya ba zai shiga Aljanna ba, ya kuma fassara shi da ƙin gaskiya da raina mutane. Wannan ciwo bai san ɗan ɗariƙa ba, bai san ɗan Izala ba. Mai carbi dubu da mai ɗage wando duk yana iya kama su, kuma ya fi kama mutum ta ƙofar ibadar da yake alfahari da ita.

Roƙona ga kwamitoci shi ne a karɓi wayoyi a ƙofa, a bar lamba ɗaya ta gaggawa a hannun ladan domin iyalai. A rushe kusurwar manya, kowa ya shimfiɗa tabarmarsa inda ya samu. Bayan tarawihi a juya lasifika ciki. Limamai kuma su ware dare ɗaya kafin goman ƙarshe su karantar da riya da ujubu (jiji-da-kai) da hassada kamar yadda suke karantar da abubuwan da ke karya azumi, don yawancin yaranmu ba su taɓa jin an yi musu bayaninsu dalla-dalla ba.

Na gode, Edita. Allah ya kai mu watan lafiya, ya karɓa mana.

Daga wani malamin firamare mai ritaya, Tudun Wada, Zariya.